Babban Yatsan Mai Ƙunshi

"Ba za a yanka min hannu ba, Abba."

Muhibba ta faɗi haka tana durƙushe a gefen kafet, kanta a sunkuye kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba. Mahaifinta Alhaji Ashiru, babban sakatare mai ritaya da bai saba a mayar masa da magana ba, ya cire tabarau ya dube ta. A kujerar gefe ƙaninsa ne, Baffa Aƙilu, likitan ƙashi, da takardar gwajin hannunta a kan cinyarsa.

"Ba shawararki nake nema ba," in ji Abba. "Ranar Litinin za a yi aikin. Kafin ki warke an kwashe tarkacen nan na boyis kwata, ki kama aikin da na samo miki a ma'aikatar gidaje. Ga dai abin da ƙunshi ya jawo miki."

Tarkacen da yake nufi shi ne ɗakin sana'arta. Muhibba zanen gine-gine ta karanta a jami'a, ta fito da sakamakon da har malamanta suka so riƙe ta. Ta gama bautar ƙasa, ta ajiye takardun a durowa, ta share tsohon ɗakin kuku da ke bayan gidansu a Nassarawa, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta fara yi wa amare lalle. Cikin shekara uku babu bikin da za a yi daga Nassarawa har Giginyu ba a nemi layinta ba, don tana jan zane siriri kamar zare, fure ba ya hawa kan fure. Abba bai taɓa leƙa ɗakin ba. Ya taɓa cewa dai, a gaban baƙi, ya kashe shekaru yana karantar da 'ya don ta ƙare a durƙushe gaban ƙafafun 'ya'yan mutane. Ba ta manta ba.

"Kawo hannun nan," in ji Baffa. Ya juya tafin damanta sama, ya ɗora biro a wuyan hannun. "A nan akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya, kamar lungun cikin gari. Jijiyar da ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya ji, ta nan take bi. Lungun ya matse ta. Shi ya sa kike farkawa kina yarfe hannu, shi ya sa kuma ƙaramin yatsanki lafiya lau, shi hanyarsa daban."

"Na karanta duk wannan, Baffa. Na kuma karanta cewa ba kowa ake yi wa tiyata ba. Akwai abin ɗaure hannu a kwana da shi, akwai allura, akwai motsa yatsu. Milka sakatariyarku ba da su ta warke ba?"

"Da su ta warke. Nata da juna biyu ya zo, ta haihu ya tafi. Wanda nasa bai yi nisa ba, ni da kaina nake hana shi wuƙa. Naki ya yi nisa, ga gwaji ya nuna. Aikin kuma bai fi minti ashirin ba, ko barci ba za a sa ki ba. A kashe wurin, a tsaga rufin lungun, jijiya ta sarara. Sati biyu a cire zare, kamar sati shida ki koma zanenki. Ga azumi ya zo, babu biki."

"Ƙunshin Sallah fa?"

Baffa ya yi ajiyar zuciya, ya juya ga wansa. "Yaya, don Allah ka raba maganar aiki da maganar ɗakin nan."

"Magana ɗaya ce," in ji Abba, ya mayar da tabarausa.

A nan Muhibba ta gama yanke shawara. In tiyata da rufe ɗakinta magana ɗaya ce, to amsarsu ma ɗaya ce. Ta ce a yi haƙuri, ta tashi.

A kicin Baba Tani ta tare ta. Tsohuwar mai girkinsu ce, mutuniyar wani ƙauye a bayan Ringim, tun kafin a haifi Muhibba take gidan, ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Babu abin da ake faɗa a falo da ba ya iso kunnenta.

"Uwar ɗakina, zo ki gani." Ta goge hannu a zani, ta buɗe tafinta. Can ƙasa, kusa da wuyan hannu, akwai wani ɗan tabo fari da sai an ƙura ido ake ganinsa. "Muciya ce ta yi min, shekara tara ke nan, lokacin kina makarantar kwana. Cokali ma faɗuwa yake daga hannuna. Baffanki ya kai ni, ina kwance ina kallon silin, ana ta jana da hira, sai na ji an ce an gama. Ga ni nan ina tuƙa muku tuwo har yau."

"Baba Tani, ke an ce miki ne kika bi. Ni na karanta."

Tsohuwar ta dube ta ɗan jim, ta rufe hannunta. "To. Allah Ya ba mai karatu lafiya." Ta koma kan tukunyarta.

Litinin ta zo ta wuce, Muhibba ba ta je ba. Abba ya daina amsa gaisuwarta da baki, sai dai ya ɗaga hannu. Bai sa an taɓa ɗakin ba, don bai saba yin abu da ƙarfi ba, ya saba a bi shi ne kawai.

Ta sayi maɗauri mai ƙarfe a ciki, wanda ke hana wuyan hannu lanƙwasa, tana kwana da shi. Baba Tani ta raɗa masa suna karan ɗorin Turawa. Ta rubuta jadawalin motsa yatsu ta manna a madubi, ba ta taɓa tsallake rana ba. Abu ɗaya ne a cikin abin da ta karanta ba ta bi ba: hutar da hannun. Ta yi wa mata arba'in da wani abu ƙunshin Sallah cikin kwana huɗu, tana gama kowace ta shiga banɗaki ta tara hannun a famfo, tana cije leɓe don kada a ji ta.

Bayan Sallah ta je wani asibiti a Giginyu inda ba a san Baffa ba, aka yi mata allura a wuyan hannun. Kai, wannan allura ta yi mata rana. Wata uku cur tana barci har asuba, yatsun suka dawo nata. Ta riƙa wucewa ta gaban falon Abba da ɗan takunta na mai gaskiya. Sai ciwon ya dawo a hankali, kamar kiyashi na yawo a cikin fata, daga nan kamar ana tsira mata allurai. Ta koma aka yi ta biyu. Wannan sati shida ta riƙe ta. Da ta je ta uku, likitar ta duba hannun, ta ajiye sirinji ba ta buɗe ba.

"Allura lallashi take yi, ba ta buɗe hanya," in ji ta. "Ke kin wuce lallashi. Ki je a yi miki aiki."

Muhibba ta yi godiya, ba ta sake taka wurin ba.

Ƙananan abubuwa ne suka fara tona ta. Ɗan kunne ya gagare ta sawa. Maɓallin riga sai ta duba da ido kafin ta san ta kama shi. Ta fasa kofuna biyu daga cikin kayan shayin marigayiyar mahaifiyarta, ta tattara ɓaraguzan ta kai shara da kanta. Wata safiya ta kawo wa Abba shayi, don tsoron kada kofin ya suɓuce ta miƙa masa da hagu. Bai karɓa ba. Ya dubi hannun, ya dube ta. Kunya ta rufe ta tun daga tsakar ka, don ko yaron goye an san a gidan nan ba ya miƙa abu da hagu.

"Na daman da lalle ne, Abba, bai bushe ba."

Ƙarya ce, amma daga ranar ta mayar da ita gaskiya. Kullum tafin damanta yana cike da lalle, in ya fara kodewa ta sake shafa wani. Ya ba ta hujjar amfani da hagu, ya kuma ɓoye wani abu da ita kanta ba ta son kallo: tudun naman da ke gindin babban yatsanta ya fara lotsawa, kamar an ɗebe shi da cokali.

Wata na goma sha huɗu bayan waccan Litinin, ciwon ya tsaya. Haka kawai. Ta yi kwana bakwai ba ta farka ba, ba allurai, ba kiyashi. Ta cire maɗaurin ta jefa a durowar da takardunta na jami'a suke, ta shiga falo lokacin karin kumallo, ta durƙusa a daidai inda ta durƙusa bara.

"Abba, na warke. Ba a yanka ni ba kuma."

Ya ajiye jarida. Ta shirya wa gardama, sai ta ga fuskarsa ta saki. "Alhamdu lillahi," ya ce, da baki, karo na farko cikin wata goma sha huɗu. "Allah Ya ƙara lafiya." Ta fita tana jin kamar ta fi ƙofar tsawo. Ba ta gaya masa cewa yatsu ukun nan ji take kamar an sa musu safa ba. Ta ɗauka gajiya ce ta ciwon da ya tafi.

Sati uku bayan haka aka shiga bikin Yusra, 'yar Baffa Aƙilu. Ba a ma yi maganar wacce za ta yi wa amarya ƙunshi ba. Ranar Laraba da hantsi Muhibba ta shimfiɗa leda a falon matan gidan Baffa, layi biyu daga nasu, ta kwaɓa baƙin lalle, ta zuba a 'yan ledojin da take naɗewa kamar mazurari, ta like bayansu da salatif. Ƙawayen amarya sun cika ɗakin, fanka na juyawa, ana ta shewa.

"Yaya Muhibba, ki yi min wanda ba ki taɓa yi wa kowa ba," in ji Yusra.

"Ki ɓoye mata sunan ango a cikin furen," in ji Ameera, babbar ƙawa. "Ya kwana yana nema, ya san ba a banza ya same ta ba."

"Wannan angon? Da tabarau ma ba ya ganin mota a gabansa," in ji wata ƙawar.

"Ke, mijina ne fa!"

"Au, tun yanzu? Ba a ɗaura ba har an fara kare shi."

Muhibba tana murmushi ta gama hannun hagu. Layin ya ɗan fi nata na da kauri, amma babu wanda zai lura sai ita. Ta kama na dama. Tana da ɗabi'a in za ta ja zane mai tsawo: takan kwantar da gefen hannunta da yatsunta a kan damtsen amarya don kada ta girgiza, tana matsawa a hankali, idonta kafe a bakin ledar. Haka ta yi tun daga bayan yatsu har wuyan hannu, ta ɗauki fiye da minti ashirin ba ta ɗago ba. Yusra kuwa kanta na jingine a kujera, an rufe mata ido da yankakken kokwamba.

Abin da duk mai ƙunshi ta sani shi ne bayan leda yakan ɓalle. Ba wani abu ba ne. Da ya ɓalle za ka ji sanyin lallen a yatsunka, ka ɗaga hannu, ka goge, ka sake wata. Wacce ta fara koyo jiya ma ta san wannan, don ba ilimi ba ne, ji ne.

Muhibba ba ta ji ba.

"Yaya," in ji Yusra, "wai me ke bin hannuna da sanyi tun ɗazu? Na ɗauka cikin zanen ne."

Muhibba ta ɗaga hannunta. Salatif ɗin ya saki tun da daɗewa. Lallen ya bi tsakanin babban yatsanta da manuniya, ya cika tafinta, duk inda ta kwantar da hannu ta bar tambari. Daga wuyan hannun amarya har kusa da gwiwar hannu baƙi ne dama-dama, da shatin yatsu uku a jere kamar an kama ta da hannun gawayi.

Aka ruga aka kawo ruwa, aka kawo sabulu, wata ta ce lemon tsami, wata ta ce man goge baki. Baƙin lalle ba ya jiran kowa, ya riga ya kama. Yusra ta cire kokwambar ta duba, ta fashe da kuka.

"Rigar dina hannunta gajere ne," take cewa. "Jibi ne fa, jibi."

"Ikon Allah," in ji wata daga bayan ɗaki, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji. "Kuma wai ita ce mai digirin."

Muhibba ta so ta ce tsautsayi ne. Ta buɗe baki, ta dubi hannunta da ke ɗiga baƙi a kan leda, ta ga da idonta yana jiƙe sharkaf, amma in da za a rantsar da ita sai ta ce a bushe yake. Ta rufe bakin.

Mahaifiyar Yusra ta aika mota Tudun Murtala aka ɗauko wata Halima, mai ƙunshin unguwa da ko firamare ba ta gama ba. Matar ta duba ɓarnar, ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta ce, "Ba komai, amarya, share hawayenki," ta mayar da tabon wani babban ganye mai duhu, ta kewaye shi da ƙananan furanni. Ya rufu, ba laifi. Amma hannu ɗaya na Muhibba ne, ɗaya na wata, kuma duk hoton bikin da aka ɗauka Yusra tana ɓoye na daman a bayan mayafi.

Muhibba ta fita baranda tana wanke hannu a buta. A nan Baffa ya same ta, an riga an gaya masa. Baba Tani ma tana wurin, ta zo taya girkin biki, tana tsintar shinkafa a faranti.

"An ce kin warke," in ji Baffa. Ba da gatse ya faɗa ba. "Kawo su duka biyu."

Ta miƙa. Ya jera tafukan, ya shafa gindin babban yatsan hagu, cike, ya shafa na dama, rami. Lalle bai ɓoye wa yatsunsa komai ba.

"Taɓa ƙaramin yatsanki da babban."

Ta yi ƙoƙari. Babban yatsan ya taso, ya karkace, ya tsaya a hanya yana rawa.

"Yaushe ciwon ya daina?"

"Wata guda."

Ya saki hannun a hankali. "Jijiya mai rai ita ke kuka, Muhibba. Ba warkewa kika yi ba. Ta gaji ne ta yi shiru."

Baba Tani tana ta tsintar shinkafarta, da babban yatsa da manuniya, tana ɗauke tsakuwa ƙanana kamar ƙwayar gero tana jefarwa, ba ta ko dubawa. Muhibba ta tsaya tana kallon wannan hannu mai tabo, ta tuna abin da ta faɗa wa mai shi a kicin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shiga.

"Baba Tani," ta ce, muryarta a ƙasa, "ki yafe min."

"Me kika yi min? Hannunki za ki roƙa, uwar ɗakina."

Da kanta ta je ta sami Abba bayan la'asar. Ta durƙusa, ta buɗe tafin a gabansa, ta gaya masa komai: allurai biyu, kofuna biyu, ƙaryar lalle. Ta jira ya ce ai ya faɗa. Ya riƙe hannun ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Da ma na raba maganar nan biyu, kamar yadda Aƙilu ya ce." Bai ƙara ba. Wannan ya fi mata faɗa ciwo.

Abokin aikin Baffa ne ya yi tiyatar, sati guda bayan biki. Kamar yadda aka gaya mata tun farko: tana kwance tana kallon silin, ana jan ta da hira, minti goma sha takwas aka ce an gama. Sati biyu aka cire zare. Baba Tani ce ta riƙa yi mata kitso, tana ɗaure mata leda a hannu in za ta yi wanka, ba ta taɓa tayar da tsohuwar magana ba.

An tsayar da ɓarnar inda ta kai. Cikin shekara guda ji ya dawo wa yatsan tsakiya, ya dawo wa manuniya rabi. Tana jin zafin kofi yanzu, tana jin sanyin ruwa in ta jira kaɗan. Ramin gindin babban yatsa bai cike ba, likitan ya ce kada ta sa rai sosai. Tana iya riƙe ledar lalle minti goma, daga nan yatsan ya saki.

Ta fara koyon zane da hagu. Baba Tani ce allonta, kowace Juma'a tsohuwar takan miƙe ƙafa a ƙarƙashin mangwaro ta ce, "Zo ki ɓata ni, ni ba dina zan je ba." Layin yana fitowa, amma mai kauri ne, yana rawa a kwana. Wasu iyayen amare da suka ji labari sun ce ba za a yi wa 'yarsu lallen aure da hagu ba, ba ta yi musu gardama ba. Yawancin masu kiranta yanzu 'yan rakiya ne da yara masu ƙunshin Sallah. Amaren Nassarawa Tudun Murtala suke aika mota.

Ɗakin boyis kwata yana nan, mabuɗin yana jakarta, Abba bai sake maganar ma'aikatar gidaje ba. Ba a rufe mata sana'a ba, ba a kuma yanka ta ranar da wani ya ga dama ba. Wannan ta tsaya a kai, ta kuma samu. Abin da ta bayar shi ne wata goma sha biyar na jijiyar da minti ashirin za su cece ta, da ƙarfin babban yatsanta na dama, da siririn layin nan da aka san ta da shi. Shi kam ba zai dawo ba.